Ta Faɗi a Gaban Doki

Zuwa ga 'yar ƙanwata, Mai Tabarau.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga kawunki, da fatan ke da maigidanki da yaran kuna lafiya, aikin makaranta kuma bai fi ƙarfinki ba. Ni dai ina nan yadda kika bar ni. Gwiwa tana gardama da safe, kunnen hagu ya ajiye aiki gaba ɗaya, na dama kuma sai abin da ya ga dama yake ɗauka. In ban da haka, sai godiyar Allah.

Kin san ban yi boko ba. Mai Rediyo ne ke rubuta mini wannan, ina zaune a kan bencin shagonsa, kuma na gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata hoda. Kada kuma ki ce me ya hana ni kira a waya. Abin nan in na kara shi a kunne, ba na jin komai sai kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Maganar takarda tana zaune wuri ɗaya, in mutum ya musa a ɗauko masa.

Ga abin da ya sa na dame ki. Na ba ki amanar 'yata Auta ne don kina kusa da babban asibiti. Shekara da shekaru ciwon jiki na cin yarinyar nan, daga wuya zuwa ƙugu zuwa ƙafa, har ta kasa taka keken ɗinkinta, har aurenta ma ya tafi a kan haka. An ɗauki hoto ba a ga komai ba, an ɗibi jini ba a ga komai ba. Na ce to, ta je inda likitoci suka fi yawa. Sai ga direban da ke kawo mini saƙonku yana ce mini, yana washe baki, wai ya hango Auta a wani fili bayan gari riƙe da igiyar doki. Na ce ƙarya yake. Ya rantse.

Ke ba ki san wannan ba, uwarki ma tana goye lokacin. Muna da wa, shi nake bi. Wata rana babanmu ya aike mu kasuwar katako. Akwai keken doki a tsaye ana loda masa itace, dokin ja ne mai farin goshi, ina ganinsa yanzu kamar na taɓa shi. Takalmin yayana ya cire a bayan dokin. Ya sunkuya zai ɗauka. Harbi ɗaya ne. Bai kai yamma ba. A ranar babanmu ya tara mu ya ce jininsa ba zai sake taɓa doki ba. Duk waɗanda suka ji wannan magana sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, in na yi shiru ta bi su.

Saboda haka ki gaya mini, wane irin asibiti ne wannan da likitansa ke cin ciyawa? Ina jiran amsa a hannun direban nan.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu.

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda, mun yi murna da jin kana lafiya. Maigida yana gaishe ka, yara suna tambayar yaushe za ka zo su ja maka gemu. Allah ya ƙara wa gwiwa haƙuri.

Direba bai yi ƙarya ba, Kawu, amma bai ga komai ba sai igiya. Likitar da ke duba masu ciwon da ya daɗe ce ta tura Auta can, kuma ba a dakatar da maganinta ba. Wata gona ce a bayan gari, da shingen katako da rumfa mai kujerun roba. Duk ranar Laraba mata masu irin ciwonta suke haɗuwa. Mata biyu ke tsaye a kansu. Ɗaya ita ke kula da dawakin, ɗayar kuma malama ce da ta karanci lafiyar zuciya da tunani. Babu sirdi, babu linzami, babu mai hawa. Buroshi ake ba mace ta goge masa jiki, ko ta riƙe ragama ta zaga da shi a hankali, ko ta ɗora hannu a wuyansa ta tsaya tana numfashi. Shi ke nan.

Labarin yayanku ya taɓa ni, Allah ya jiƙansa. Inna ba ta taɓa gaya mini ba. Amma bari in gaya maka yadda Auta take kafin dokin. Ta zo gidana ta zaɓi ɗakin da ke ƙurya, ta sauke labule. Abinci sai na tsaya a kanta. In na tsokane ta irin ta taubasai, na ce baiwata tashi ki share mini tsakar gida, sai ta dube ni kawai. Auta fa, wadda da in na faɗi ɗaya sai ta mayar mini da goma. Ciwon jikin na nan, amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na zuciya.

Ranar farko tsayawa ta yi a bakin shinge da jaka a hammata kamar mai jiran mota. Dokin ne ya tako da kansa ya shinshina mayafinta. Fari ne, tsoho, haƙoransa duk sun yi rawaya. Ba ya jin kira ta hagu sai an zagayo ta dama, kuma in bai ga dama ba, ko ka ja ragama har kafaɗarka ta gaji ba zai ɗaga ƙafa ba. Ban ce ya yi kama da kowa ba.

Yanzu tana barci fiye da da. Ta ɗaga labulen. Shekaranjiya ta karɓi allura ta gyara wa ƙaramina aljihun rigar makaranta, ta ce ɗinkin da na yi kamar kaza ce ta bi ta kai. Ta yi dariya, Kawu, da sauti.

Ba zan ce maka ciwon ya tafi ba, bai tafi ba. Malamar ta ce akwai abin da ke cin Auta da ta ƙi fitarwa. Duk wanda ya tambaye ta jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da tana cije leɓe. Ta ce doki ba ya sauraren baki, jikin mutum yake saurare, shi ya sa in Auta ta matse haƙora tana murmushi sai ya ja da baya. Muna jiran ranar da za ta buɗe baki. Don Allah ka bar ta ta ci gaba.

'Yarka, Mai Tabarau.

*

Mai Tabarau,

Bayan gaisuwa, lafiyata lau. Ki ce wa yaran gemun yana nan, amma akwai sanda kusa da shi.

Na ji abin da kika ce game da dokin da ba ya ji ta hagu. Tun kina ƙarama bakinki ya fi ki girma. Mai Rediyo ya yi dariya har tabaransa ya zame, na ce ya ci gaba da karatu ko in kai aikina wani shago. Wurin da kika ce ta yi dariya da sauti, na sa ya maimaita mini. Ba don komai ba, mota ce ta wuce lokacin.

Batun wai tana ɓoye wani abu, wannan zancen 'yan boko ne. Me za ta ɓoye? In ta ce da sauƙi, tarbiyya ce. Ni magini ne tun ina saurayi. Na faɗo daga saman bene haƙarƙarina ya tsage, na tashi na kakkaɓe wando na ƙarasa shafen bangon, ban ce wash ba. Gidanmu ba a kai kuka waje. Haka na taso, haka na tashe su.

Amma tunda kin ce tana ci tana barci, na ɗaga ƙafa. Ban ce na yarda ba, ki lura, ɗaga ƙafa na ce. Ga sharaɗina. Kada ta taɓa tsayawa a bayansa. Ta sa takalmi mai igiya wanda ba ya cirewa. In wani abu ya faɗi ƙasa kusa da shi, ko zinariya ce, ta bar shi a nan. Kuma duk abin da ya faru ki sanar da ni, kada in sake jin labarin 'yata a bakin direba.

Na sa masa kwalbar man zafi ya kawo mata. Na san za ki ce likita bai rubuta ba. Ta shafa.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa a tsaye, ina sauri. An tura mu gyaran takardun jarrabawa a wani gari, mota na jirana, kuma can karɓe wayoyinmu suke yi har a gama. Amma ka ce kada ka ji a bakin direba, shi ya sa.

Ranar Laraba dai ta faɗi. A gaban dokin ta faɗi, matan duk suna tsaye. Ina wurin. Sai da malamar ta riƙe ta ta zaunar da ita, aka kawo mata ruwa. Tun da muka dawo take kwance tana barci. In na dawo zan ba ka labari filla-filla.

'Yarka.

*

Mai Tabarau,

An karanta mini. Ta faɗi a gaban doki, mata na kallo. Abin da nake gudu ke nan tun farko, na gaya miki yadda gidanmu yake kika mayar da ni abin wasa. Ban tambayi yadda aka yi ba, ba na son ji.

Ki gaya wa Auta, da bakina nake faɗa. In ta sake taka wurin nan, ban yafe ba.

Kawunki.

*

Mai Tabarau,

Sallama. Ban san ko kin dawo ba. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Ya ce Auta ce ta karɓi takardata ta ƙarshe a bakin ƙofa, ta rufe. Na ce da ƙafarta ta fito? Ya ce bai duba ƙafa ba. Mutumin da ya iya hango igiya daga kan titi.

Ki gaya mini gaskiya, ina ne ya karye? Ƙugun ne ko kai ta buga? Ya taka ta? Mai Rediyo ya matsa sai an kira ta a wayarsa. Na ce kira. Ya ce mata yaya jiki, ta ce da sauƙi. Na ce masa kashe, na ji. Yarinyar nan ko ƙafarta aka cire aka ajiye a gefe, da sauƙi za ta ce. A da ina jin daɗin wannan amsa. Yanzu da nake son sanin halin da take ciki, ba ta amfane ni da komai ba.

Abinci ba ya wuce mini. Na haɗa kaya sau biyu zan taho, Mai Rediyo ya ce da wannan gwiwar sai dai a sauke ni a asibitin a ba ni gado kusa da nata. In kina fushi da ni ne, ki yi fushinki daga baya. Yanzu ki ba ni amsa.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ka zauna da kyau kafin a karanta maka. Auta lafiyarta ƙalau. Babu abin da ya karye, babu inda ta buga, ko gwiwarta ba ta taɓa ƙasa ba. Mai Rediyo, don Allah maimaita masa wannan ta kunnen dama.

Kawu, faɗi na baki nake nufi. Ta faɗi abin da ke ranta. Ba faɗuwa ta yi ba. A takarda su biyun kamarsu ɗaya, sai a baki ne ake jan ɗaya a bar ɗaya. Laifina ne, ina sauri ban ƙarasa zancen ba.

Na dawo na tarar da labulen ƙurya a sauke, kwanon abinci a bakin ƙofa ba a taɓa ba. Maigida ya ce tun da takarda ta zo ta daina zuwa gonar, mai kula da dawakin har gida ta biyo ta ta ƙi fitowa. Na shiga, ta miƙo mini ta farko cikin takardunka biyu da suka zo bayan tafiyata. Ta biyun tana kan tebur a rufe, ta ce ba za ta iya buɗewa ba.

Ta ce, "Kin gaya wa Baba na yi magana."

Na ce, "Na gaya masa, don ya yi murna."

Ta ce, "To ga murnar. Ya ce na faɗi a gaban mata, na kai kukan gidanmu waje. Ya ce bai yafe ba."

Ka gani? Kai ka ji faɗuwa, ita ta karanta taka ta ji magana. Na buɗe ta biyun a gabanta. Da na zo kan "ina ne ya karye", sai muka dubi juna. Na ce, "Baiwata, ubanki ya ɗauka doki ne ya yi ƙwallo da ke." Ta fara dariya tana riƙe ƙugu tana cewa in bari, yana mata zafi. Da na zo inda ka ce abinci ba ya wuce maka, dariyar ta koma kuka. Na bar ta ta yi.

Ga abin da ya faru ranar. An ba ta ragama ta kai dokin ƙarshen shinge, ya kafe. Ta ja, ya ƙi. Malamar ta matso ta ce, "Yaya jikin yau?" Auta ta ce da sauƙi. Sai dokin ya kau da kai gefe. A cikin matan akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da bakinta ba ya hutu, ta ce daga rumfa, "Ke 'yar nan, ko dokin bai yarda ba." Kowa ya yi dariya ban da Auta. Ta saki igiyar, ta jingina goshinta a wuyansa, ta ce, "Babu sauƙi."

Daga nan ta ci gaba, ba da mu take ba, da shi take. Ta ce kullum da ciwo take farkawa, da shi take kwanciya. Ta ce da hoto bai nuna komai ba, har ita kanta ta fara zargin ko ƙarya take yi. Ta ce akwai safiyar da take jin haushin gari ya waye. Ta ce abin da ya fi mata nauyi shi ne kai, don ka faɗo daga bene ba ka ce wash ba, ita kuwa ba ta faɗo daga ko'ina ba, da wane ido za ta ce maka ta kasa. Dokin bai motsa ba har ta gama. Da ta ɗago ne aka zaunar da ita ta huta. Barcin da na ce tana yi, rabonta da irinsa tun kafin ta zo gidana.

Na rubuta maka wannan da izininta. Ta daɗe kafin ta ce to.

Yanzu saura kai. Na ce mata tunda kuskure ne, ta shirya mu koma. Ta ce a'a, kuskure ko ba kuskure ba, kalmar ta fito daga bakinka, kuma ba za ta tsallake ta ba sai kai ka ɗauke. Ka san inda ta gado wannan kan. Malamar ta ce za su riƙe mata gurbinta, amma ba har abada ba, akwai masu jira. Ni dai na ga Auta kafin dokin, na gan ta bayansa, na kuma ga yadda ta koma cikin 'yan kwanakin nan. Ba ni da abin ƙarawa.

'Yarka, Mai Tabarau.

*

Zuwa ga Mai Tabarau, da Auta, ku karanta tare.

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na ce ya rubuta sau biyu, ba kuskure ba ne. Da aka karanta mini cewa ko gwiwarta ba ta taɓa ƙasa ba, na tashi na zaga shagon na dawo, ban san na bar sandata ba. Na aika aka sayo mini abinci, na cinye na ƙara.

Sannan na juya kan Mai Rediyo. Na ce, "Kai ne ka kayar mini da 'ya." Ya ce shi abin da ke rubuce ya karanta. Na ce, "Ka ja kalmar kamar kana jan guga daga rijiya." Ya ce in ba ni da tsoron doki a raina, da na tambaya. Na ce shi da ya yi makaranta me ya hana shi tambaya? Ya ce wa ke iya tambaya ina buga benci. Mun bar ta a nan. Amma ku gaya mini, wannan shi ne ilimin da kuke mini gori da shi? Rubutun da bai san bambancin mutum ya yi magana da mutum ya sha ƙasa ba? Ni da ban yi boko ba, ban taɓa haɗa su a bakina ba.

Auta, da ke nake yanzu. Na ɗauke maganata. Na yafe, duniya da lahira, kuma tun farko ba a kan abin da kika zata na yi ta ba. Ki sa takalminki ki koma. Maganar babanmu kuwa, na kwana da ita na tashi da ita. Ni kaɗai na ji ta a cikin masu rai, don haka ni ne mai kwance ta. Mutum ne da aka kawo masa ɗansa a kan katako, ya faɗi abin da zai tsare sauran. Tsare ki yake so a yi. In tsarewar tana wajen dokin, ban ga na saɓa masa ba. In kuma na saɓa, ni da shi ne, ba ruwanki.

Batun bene. Na ce ban ce wash ba, kuma gaskiya ne, a gaban leburori ban ce ba. Ki san dai da na koma gida, uwarki, Allah ya jiƙanta, ita ta ji sauran. Har maƙwabta sun aiko tambaya ko haihuwa ake yi. Kina ƙarama, kina barci. Da na san wannan rabin labarin kika ɗauka kika ɗora a kanki shekaru, da na ba ki ɗaya rabin tuntuni.

Ciwon da hoto bai gani ba, ni na gani. Na ga yadda kike dafa bango kafin ki tashi. Ban taɓa cewa ƙarya kike ba, ko a zuciyata. Na ɗauka in na yi shiru na rufa miki asiri ne.

Mai Rediyo yana so ya sa nasa a ƙasa. Na ba shi layi ɗaya.

Babanku.

Ni Mai Rediyo ina gaishe ku, ina kuma roƙon Malama Mai Tabarau, in za ta sake rubuta kalma mai fuska biyu, ta ja mata layi, don bencina ɗaya ne.

*

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da girmamawa. Na gode. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki.

Jikina yau: ƙugu ya matsa mini tun safe, ƙafar dama tana zugi, wuya ya ɗan sake ni. Jiya ta fi yau daɗi. Na rubuta wannan na zauna ina kallonsa, na ga bai kashe ni ba.

Na koma ranar Laraba. Matan suka tashi kamar amarya ta shigo, ma'aikaciyar jinyar nan ta ce ta ɗauka na samu wani dokin ne a wani wuri. Shi kuwa gogan fushi ya yi. Na kira shi ya ƙi juyowa, na zagaya ta dama ya ƙi kallona. Kada ka damu, ta gaba na zagaya. Na tsaya na ba shi haƙuri, na ce ba laifina ba ne, rubutu ne. Sai da na goge masa wuya da geza kafin ya sauke kansa a kafaɗata. Kansa da nauyi, amma na bar shi.

Na gaya wa malamar labarin yayanka. Ta ce in tambaye ka yadda yake, ba yadda ya rasu ba. Ni ma ina son ji. Da wa yake kama a cikinmu?

Mai Tabarau ta samo mini keken ɗinki na hannu, tunda ƙafa ba ta yarda ba tukuna. Ina yi kaɗan in huta. Ta ce kayan yaranta zan fara, na ce ban zo garin nan bauta ba. Ka aiko mini da tsohuwar rigarka ɗaya in ɗauki awo.

Man zafin ya ƙare. Bai yi komai ba, amma ƙamshinsa na ɗakinka ne. Ka ƙaro.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Na ji bayanin jiki. Allah ya sassauta ƙugun. Haka nake so ki riƙa rubutowa, gaɓa gaɓa, kamar mai ba da rahoton gini. Ni ma yau gwiwar ta hana ni sallah a tsaye.

Yayana da ke yake kama, ta goshi da taurin kai. Ya iya yin fito da yatsu biyu a baki har a ji a ƙarshen layi, kuma duk abin da aka ba shi sai ya raba biyu ya ba ni babban, sannan ya ce na cuce shi. Sauran sai na zo, ba na takarda ba ne. Mai Rediyo ya ce zai raka ni, wai don kada in ɓata. Yana son ganin dokin ne.

Ga riga, ga man zafi. Ƙullin na uku kanwa ce, na ji an ce suna so. Ki nuna wa mai kula da su tukuna, in ta yarda ki ba shi. Kada ki ce daga wurina take.

Ko kuma ki faɗa masa, tunda an ce yana riƙe magana. Ki je ta kunnen dama ki ce masa tsohon nan har yanzu bai shirya da danginsa ba, amma shi na cire shi daga ciki.

Babanki.